Tsohuwar Manhaja Mabuɗi Ce: Darasi Daga Shagunan Buga Takardu na Ƙofar Kaura

Duk mai yawan karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da irin wannan rubutu: "}asar nan", "]aya daga cikinsu", "~angaren ilimi". Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan mai bugawa, mu ce ganganci ne ko rashin iya aiki. Alhali kuwa mai bugawar ya yi aikinsa daidai. Ranar da ya buga, abin da ya gani a fuskar kwamfutarsa shi ne "ƙasar nan", "ɗaya daga cikinsu", "ɓangaren ilimi". Rubutun ne ya baro gida ya bar wani ɗan ƙaramin abu a baya, kuma idan babu wannan abin, ba ya karantuwa yadda aka nufa.

Lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da gidajen ɗab'i na Arewa, ba ta zo da haruffanmu masu lanƙwasa ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa, abin da masu sana'ar ke kira font, waɗanda suka shahara da sunan Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce a ari wasu madannai da rubutun Hausa bai cika bukata ba, irin na baka da makamantansu, a zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu. Kwamfuta tana adana alamar baka, font ɗin kuma yana nuna wa ido harafi. Wannan dabara ta yi wa Hausa babbar hidima, domin littattafai da jaridu da kundayen digiri ba adadi da ita aka buga su. Daga baya tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ya game ko'ina, har wayar hannu ma ta iya rubuta ƙ ba tare da aro ba. Amma abin da aka riga aka rubuta da tsohuwar dabara yana nan yadda yake, yana jiran tsohon font.

Wannan shi ne misali mafi kusa da mu na wata tambaya da ta fi shi faɗi: me ya kamata a yi da manhajar da masu ita suka daina kula da ita, alhali aikin mutane na shekaru ya dogara a kanta? Ra'ayina shi ne a ajiye ta a inda aka sani, a hannun da aka amince da shi, a kuma riƙa amfani da ita bisa sharaɗi. Zan faɗi dalilaina, zan kuma faɗi hujjar masu cewa a zubar, domin hujjar tasu tana da ƙarfi.

Idan kamfani ya ce ya daina

Kowace babbar manhaja tana da zubi-zubi, na farko, na biyu, har zuwa na bana. Kamfani yakan ɗauki wa'adi yana kula da kowane zubi: idan an gano ɓaraka sai ya aiko da faci. Ranar da wa'adin ya cika, facin ya tsaya. Microsoft ta daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, bayan kusan shekara 13 da fitowarta. Windows 7 ta bi sahu ranar 14 ga Janairu, 2020, sai Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Manhajar ba ta mutuwa a wannan rana. Washegari za ta tashi kamar kullum. Sai dai duk ramin da ɓarawo ya gano a katangarta daga wannan rana, babu mai zuwa ya toshe.

Mun san irin wannan a harkar mota. Faransa ta daina ƙera Peugeot 504 ƙirar salun tun 1983, amma kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya ci gaba da fitar da ita har 2006, kuma bayan ya daina, makanikai da 'yan kayan gyara suka ci gaba da riƙe ta a kan hanya. Bambancin shi ne, ƙarfen mota maƙeri na iya dubawa ya ƙera irinsa. Manhajar kamfani kuwa a rufe cikinta yake, doka kuma ta hana a kwafa. Idan mai ita ya janye ta daga kasuwa, babu wani kanikan da ke da ikon maye gurbinsa.

Saboda haka abubuwa biyu ne da ake yawan cakuɗawa: daina kula da manhaja, da hana samun ta. Na farko hakkin kamfani ne, domin ba wanda zai yi ta facin abu ɗaya har abada. Na biyu shi ne wanda ke kulle wa mutane ɗakunansu da kayansu a ciki.

Littafin kawuna

Wanda ya san Ƙofar Kaura ya san yadda gadar ƙasa da aka gina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ta sauya fasalin wurin. Amma idan ka bar babban titi ka shiga shagunan buga takardu na yankin, inda ake yin katin biki da takardar neman aiki da rasiɗi da fastar 'yan takara, za ka tarar zamani biyu suna zaune a ɗaki ɗaya. Ga sabuwar kwamfuta a gaba ana yi wa ɗalibai rajista, ga wata tsohuwa a lungu an lulluɓe ta da zane.

Kawuna tsohon malamin firamare ne. Bayan ya yi ritaya ya zauna ya rubuta tarihin zuri'armu: daga ina kakanni suka zo, wa ya auri wa, wace gona ce ta wane, wace shekara aka yi rabon gado kuma a gaban wa. Aka buga masa a wani shago, aka fitar da kwafi kaɗan aka rarraba wa dangi. Da Allah ya yi masa rasuwa, maganar iyakar wata gona ta taso tsakanin gidaje biyu, kowa ya ce a duba littafin Malam. Kwafin da ya rage a gida gara ta cinye shafukan tsakiya, daidai inda ake bukata. A cikin adakarsa muka sami faifan CD da ya rubuta sunan littafin a kai da hannunsa.

Fayil ɗin da ke ciki na PageMaker ne, manhajar tsara shafi da gidajen ɗab'i suka daɗe suna aiki da ita. Zubinta na ƙarshe, na bakwai, ya fito a 2001, kuma a 2004 Adobe ta daina ci gaba da ita ta koma kan InDesign. Na zaga shaguna da dama masu sababbin na'urori, babu inda ya buɗe. A ƙarshe wani matashi ya kwatanta mini shagon wani dattijo da ya daɗe a sana'ar.

Na gaishe shi, na miƙa faifan. Ya jujjuya shi, ya hura masa iska, sannan ya yaye zanen da ke kan tsohuwar kwamfutar.

"Baba, wannan har yanzu tana tashi?" na tambaye shi.

"Ɗana, ita ta aurar da 'ya'yana," ya ce. "Zauna ka gani. Amma kada ka ce za ka soka mata filash. Ba ta taɓa ganin intanet ba, kuma ba kowa nike bari ya taɓa ta ba."

Windows XP ce a kanta. Fayil ɗin ya buɗe, shafi bayan shafi, da ƙ da ɗ da ɓ kowanne a mazauninsa, domin font ɗin da aka buga littafin da shi yana cikinta. Muka fitar da shafukan da gara ta ci a takarda. Dattawan gidajen biyu suka karanta abin da Malam ya rubuta, da sunayen shaidun da ya ambata, biyu daga cikinsu suna raye. Maganar ba ta kai kotu ba.

Na tambaye shi me ya sa bai sayar da ita ga 'yan gwangwan ba. Ya ce tsohuwar firintarsa mai ƙarko ba ta da direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, a sababbin Windows. Sannan a cikin tsohuwar akwai aikin abokan cinikinsa na shekaru: kan takardar makarantu, katin sakamakon jarrabawa, rasiɗan 'yan kasuwa. Mutum zai zo bayan shekara goma ya ce a sake masa irin na wancan karon, kuma a nan kaɗai ake samu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma na lura dattijon ya san zumar tasa tana bukatar murfi.

Hujjar masu cewa a zubar

Masana tsaron kwamfuta ba don ƙeta suke tsanar tsofaffin manhajoji ba. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. An ƙiyasta ta shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama, aka soke ganin likita da ayyukan da aka tsara kimanin 19,000. Ramin da ta bi ta shiga, Microsoft ta riga ta fitar da facinsa tun watan Maris na shekarar, amma ga manhajojin da take kula da su. Da abin ya yi tsanani, sai ta karya ƙa'idarta ta fitar wa Windows XP faci, shekara uku bayan ta sallame ta.

Akwai abin lura a nan. Binciken da ya biyo baya ya nuna yawancin kwamfutocin da suka kamu masu Windows 7 ne, wadda a lokacin tana cikin kulawa, sai dai masu su ba su saka facin ba. Wato tsufa kaɗai ba shi ne cutar ba. Haɗarin yana ga na'urar da ke da rami kuma aka bar ta a buɗe ga intanet, ko sabuwa ce ko tsohuwa. Tsohuwar mota idan ta lalace a hanya, mai ita da fasinjansa ke kwana a daji. Tsohuwar kwamfuta da ke haɗe da sauran na ofis kuwa, ita ce ƙofar da masu kutse za su bi su shiga ɗakin kowa. Idan ofishin yana riƙe da bayanan jama'a, kamar asibiti ko makaranta ko ƙaramin banki, lamarin ya wuce ganin dama, domin dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan alhakin tsare su.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ciwo: muddin tsohuwar manhaja tana samuwa, mutane ba za su taɓa tashi daga kanta ba. Sabo turken wawa. Wannan gaskiya ne, kuma na ga ofisoshin da suke ta buga sababbin takardu da tsohon font a yau, suna ƙara tara wa na baya aiki.

Abin da ke faruwa idan aka janye

Sai dai janye tsohuwar manhaja daga inda aka amince ba ya kashe bukatarta. Mun ga kwatankwacin haka a canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a farkon 2023, alhali sababbin ba su wadata ba. Kowa ya tuna layukan banki, da yadda aka riƙa sayen naira da naira, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Duk abin da aka janye kafin mutane su sami madadinsa, kasuwar bayan fage ce ke gaje shi.

A harkar manhaja, kasuwar bayan fage ita ce filash ɗin mai gyara, da shafukan intanet da ba a san masu su ba. Mai shagon da kwamfutarsa ta ƙone, kuma duk aikinsa yana cikin tsohon zubin CorelDRAW ko PageMaker, ba zai rufe shago ba. Zai nemi wanda aka fasa, ya saka, ko da an cusa masa bairos a ciki. Har wanda ya sayi nasa da kuɗinsa bai tsira ba, domin wasu manhajojin sai sun tuntuɓi kamfani ta intanet kafin su yarda su yi aiki. A ƙarshen 2012 Adobe ta rufe na'urorin da ke tantance masu zubin CS2, sai ta fitar wa waɗanda suka riga suka saya wani kwafi da ba ya bukatar tantancewar. Wannan shi ne adalci, amma ba kowane kamfani ke yin haka ba, kuma ba a kowane lokaci ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, tsohon zubi yakan zama gada zuwa wanda ya girme shi. InDesign tana buɗe fayilolin PageMaker har zuwa zubin CS6 na 2012. Zubin da suka biyo baya sun daina. Wanda ke son ya ƙaura da littafinsa daga manhajar 2001 zuwa ta bana, sai ya bi ta kan ta 2012, wadda ita ma an daina sayar da ita. Idan aka rushe gadar, wanda ke son tsallakowa ma an hana shi.

Masu manhajojin kyauta da cikinsu ke buɗe sun fahimci wannan tuntuni. Mozilla tana ajiye da tsofaffin zubin Firefox a rumbunta, haka Debian da Ubuntu da LibreOffice, tare da gargaɗin cewa babu mai kula da su. Ga shi nan, ɗauki idan kana bukata, amma ka san abin da ka ɗauka. Microsoft ma da ta yi ritayar Internet Explorer ranar 15 ga Yuni, 2022, ta bar wata kafa a cikin Edge da ke buɗe tsofaffin shafukan ofisoshi, ta kuma yi alkawarin riƙe ta aƙalla zuwa 2029.

Takarda ta fi faifai tsawon rai

A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa, aka rubuta a fata. Littafin, wanda ake kira Domesday, yana nan a gidan adana tarihi na ƙasar, ana karanta shi. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta yi sabon irinsa na zamani, da gudunmawar mutane kusan miliyan ɗaya, akasari 'yan makaranta, aka zuba a manyan faya-fayan da wata na'ura ta musamman ke karantawa. Kafin a cika shekara ashirin na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙirƙiri manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar kafin aka sake ganin abin da ke ciki.

Mu ma muna da namu. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci da malaman Katsina da Kano da Sakkwato suka bari, wanda ya iya karatu zai buɗe gafaka ya karanta ba tare da neman izinin kowa ba. Amma kundin digirin da aka buga a 1999 aka adana a faifan fulofi, sai an sami na'urar da ke karɓar faifan, da manhajar da ke buɗe fayil ɗin, da font ɗin da ke nuna haruffan. Idan ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Ina tsoron kada jikokinmu su fi sanin abin da aka rubuta a ƙarni na 19 a kan abin da aka rubuta a shekara ashirin na farkon zuwan kwamfuta ƙasar Hausa.

Ajiya bisa sharaɗi

Abin da dattijon Ƙofar Kaura yake yi da basirarsa, shi ne ainihin abin da ƙwararru ke ba da shawara, sai 'yan ƙarin abubuwa. A raba tsohuwar na'ura da intanet da sauran kwamfutocin ofis. A adana faifan saka manhajar da lambar lasisinta da font-font da direbobi a wuri fiye da ɗaya, a rubuta a takarda wane zubi ne ke buɗe wane aiki. Tun da ƙarfe yana mutuwa, a sa mai gyara ya kwafi tsohuwar kwamfutar ɗungurungum ya mayar da ita kwamfutar kwaikwayo da ke tashi a cikin sabuwa. Manhajoji irin su VirtualBox suna yin wannan kyauta.

Sharaɗi mafi girma shi ne kada a ƙara sabon kaya a tsohon ɗaki. Amfanin mabuɗin shi ne a buɗe a kwashe. Duk fayil ɗin da aka buɗe, a fitar da shi a PDF don siffarsa ta tsaya yadda take, a kuma fitar da zallar rubutun a mayar da haruffansa na Unicode. Musanya alamar baka da ƙ ko ɗ aikin minti kaɗan ne a Word, sai dai dole mutum ya bi da ido, domin inda marubuci ya sa baka ta gaskiya ita ma za ta rikiɗe ta zama harafi. Haka muka yi wa littafin kawuna, yanzu yana cikin wayoyin dangi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, da Gidan Arewa na Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su ne suka dace su tanadi ɗan ɗaki mai tsofaffin na'urori biyu ko uku, da na'urar karanta fulofi da CD, da tarin font-font na Hausa, inda marubuci ko magajinsa zai kawo faifai a buɗe masa. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda ɗaya ba. A yanzu wannan aiki yana hannun dattawa 'yan ƙalilan ne a lungunan shaguna, kuma ranar da ɗayansu ya rufe shago, 'yan gwangwan ke auna abin da ya bari a sikeli.

Lokaci kuma yana matsowa. Windows 11 tana bukatar wasu kayan ciki da yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu da ke ofisoshinmu ba su da su, don haka za a yi ta sauya na'urori a 'yan shekarun nan. Microsoft ta kuma sanar cewa Publisher, wadda ake yin katunan biki da takardun shaida da ita, za ta kai ƙarshen wa'adinta a watan Oktoban 2026. Kafin a fitar da tsohuwar kwamfutar ofishinku ko ta gidanku, a tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin: me ke cikinta wanda babu shi a wani wuri, kuma da me ake buɗe shi? Idan an sami amsa, a kwashe kayan tukuna, sannan a kira mai saye.